Yadda ake aikin fentin ifoksi ba tare da ka cuci jikinka ko ka ɓata kayan mutane ba

Ƙanena da ka shigo sana'ar nan kwanan nan, wannan bayanin naka ne. Na daɗe ina wannan aiki a Jidda, daga garejin gidaje zuwa mustauda (ɗakunan ajiyar kaya) a Sana'iyya, wato unguwar masana'antu, zuwa tankunan ruwa na ƙarƙashin ƙasa da ake kira kazzan, kuma abin da yake damuna shine yawancin yaranmu suna shiga aikin ifoksi (Larabawa suna cewa ibuksi) da tunanin fentin bango ne irin wanda suka saba, a buɗe a juya a shafa. Ba haka bane wallahi. Fentin bango bushewa yake idan ruwan cikinsa ya tashi, shi kuwa ifoksi gwangwani biyu ne, babba mai alamar A shine ainihin fentin, ƙarami mai alamar B shine munasshif wato mai sa shi ya daskare, kuma da zarar sun haɗu wani aiki ne yake farawa a tsakaninsu mai fitar da zafi, ba mai iya tsayar da shi, ko ka shirya ko baka shirya ba sai ya zama dutse. Toh shi wancan ƙaramin gwangwanin shine mai cin fata da ido. Ka riƙe waɗannan biyun a ranka, sauran bayanin duk daga su ya fito.

Kayan da zaka tanada

Na fara da na kare jiki don sune ake rainawa. Safar hannu ta naitirail, waccan shuɗiya mai ɗan kauri, ka sayi kwali guda ba ƙwaya biyu ba. Farar nan ta roba mai laushi bata tare sinadarin, ta yadi kuwa tafi hannu tsirara muni don tsotsewa take ta manna maka shi a fata yini guda. Tabarau mai rufe gefe da gefe. Takunkumin roba mai gwangwanaye biyu na tace tururin sinadari, idan na Turai ne zaka ga harafin A da launin ƙasa-ƙasa a jikin gwangwanin, misali A2, idan na Amurka ne kamar wasu na 3M baƙin layi ne, sannan matatar ƙura P3 ko P100 don ranar gurza ƙasa. Kammamar asibiti, wato takunkumin da muka saba tun lokacin korona, bata tare komai anan. Riga mai dogon hannu ko farin oba da ake yarwa, da takalmi rufaffe, ba silifas ba. Sabulu da jarkar ruwa mai tsafta a kusa da kai, ba can cikin mota ba.

Kayan aikin kuma: injin gurza ƙasa ko saruk (ƙaramin injin yanka da gurza na hannu) mai faranti na daimon, injin zuƙe ƙura, diril mai saurin da ake ragewa da sandar gauraya, bokitai masu tsafta aƙalla uku, sikeli, rola mai gajeren gashi wadda sinadari baya narkarwa, burushi don lungu, rola mai ƙayoyi da takalmi mai ƙusoshi idan mai kauri zaka zuba, salatif, leda, tsummoki, fanka ko shaffat mai jan iska waje, abin kashe gobara na hoda, da agogo ko wayarka. Fentin kansa da asas ɗinsa, wato shafin farko da ake sawa a ƙarƙashinsa, su zama na kamfani ɗaya, ko Jotun ne ko Jazeera ko Sika ko Fosroc, kar ka haɗa A na wannan da B na wancan don ka rage kuɗi. Kuma ka karɓi takardar bayanin fentin a wajen mai shago ko ka sauke ta a waya, awon haɗi da lokacin aiki da lokacin bushewa duk a ciki suke, idan baka karanta Turanci ko Larabci sosai ka sa a karanta maka, ba abin kunya bane.

1. Duba ƙasar kafin ka yi alkawari

Sabuwar sabba, wato kankaren da aka zuba, sai ta kwana 28 kafin a sa mata ifoksi. Mai gida zai matsa maka yace yana sauri, kar ka yarda, don ranar da fentin ya kumbura ya fara ɓarewa sunanka za a kira ba nasa ba. Danshin kankare ana so kar ya wuce kashi 4 cikin ɗari. Idan baka da na'urar aunawa ga dabara, yanki leda kamar santimita 45 kowane gefe ka shimfiɗa a ƙasa ka liƙe gefunanta huɗu da salatif sosai, ka barta aƙalla awa 16, in ka ɗaga kaga gumi a ƙarƙashinta ko wurin yayi duhu to akwai ruwa a ciki, a jira. Kayi haka a wurare da yawa musamman kusa da banɗaki da jikin bango. A Jidda badrum, wato ɗakin ƙarƙashin ƙasa, da gidajen da suke kusa da teku sun fi wannan matsalar don ruwan ƙasa baya da nisa.

Sai ka ɗiga ruwa kaɗan a ƙasar. Idan ta shanye, madalla. Idan ya tsaya yana ƙwallo-ƙwallo to akwai mai ko wani shafi a kai, fenti ba zai kama ba sai an cire.

2. Gyaran ƙasa

Rabin aikin anan yake. Ƙasar da aka goge da injin hilikofta mai laulaye kankare tayi sulɓi kamar madubi sai an gurje ta tayi kaushi kamar sanfara, wato takardar yashi ta guga. Wurin da man mota ya zuba a wanke da sabulun cire mai tukuna, in ka gurza a kansa watsa shi kawai zakayi. Tsaga da ramuka a cike da ma'ajun na ifoksi, wato kwaɓin toshe rami.

Ƙurar kankare ba ƙurar titi bace, tana da ɓurɓushin yashi mai kaifi da yake zama a huhu baya fita, shekaru suna tafiya numfashi yana ƙanƙancewa, kuma ba maganin da yake mayar da huhun yadda yake. Saboda haka a haɗa injin gurzan da injin zuƙe ƙura, takunkumi a fuska tun daga farko har ƙarshe, kuma kar ka share da tsintsiya ka tayar da ita. In babu injin gurza kwata-kwata kuma wurin ƙarami ne ana wanke ƙasar da asid, amma ni bana so sai dole, don bayansa sai ka ɗauraye sau da yawa sannan ka jira kwanaki ta bushe. In zakayi, asid ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid, fantsama yake.

3. Zaɓen lokaci

Saudiyya zafi ne da ita kuma ifoksi da zafi basa shiri. Abin da muka sani a sana'a shine duk ƙarin digiri 10 yana rage lokacin aikin da kusan rabi, wato fentin da takarda tace yana baka minti 40 a digiri 25, a 35 ka lissafa kamar 20 kawai. Don haka gwangwanayen su kwana a ɗaki mai mukayyif wato na'urar sanyaya ɗaki, kar su yini a bayan wanet (motar a-kori-kura) cikin rana. Dama doka ta hana aiki a ƙarƙashin rana daga 12 zuwa 3 na rana tun 15 ga Yuni har 15 ga Satumba, amma ko a cikin gini ne ni nafi son bayan la'asar zuwa dare, dalili kuwa idan gari yana ɗumama da safe iskar da take cikin ƙofofin kankare fitowa take ta huda fentin ya zama duk ƙananan ramuka kamar an tsira allura, in gari yana hucewa kuwa kankaren janyo fentin yake ciki.

Amma dare a Jidda da Dammam yana da tasa matsalar, ruɗuba, wato laimar iska. Idan laimar iska ta haura kashi 85, ko ƙasar bata fi ma'aunin saukar raɓa zafi da digiri 3 ba, a haƙura. In baka da abin aunawa duba gilashin motoci a waje, kaga suna gumi to ba daren fenti bane. Wanda ya yi taurin kai zai wayi gari yaga saman yayi fari-fari yana danƙo kamar an shafa kakin zuma, sai an wanke an goge kafin shafi na gaba ya kama. 'Yan Riyad basu cika fama da wannan ba, su nasu zafi ne da ƙura.

Kuma ka duba lokacin salla kafin ka haɗa. Kar ka juya bokiti saura minti goma a kira magariba, ko dai ka rasa jam'i ko ka rasa fentin.

4. Iska da wuta

Fanka ta ja iska zuwa waje, ƙofa ɗaya a buɗe ta ɗaya gefen iska mai kyau tana shigowa. Tururin tinar da na fenti mai sinadarin narkarwa irin su zailin ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, shi yasa mai durƙusawa yana yankan gefe da burushi ya fi kowa shaƙa, don haka fankar a ajiye ta ƙasa-ƙasa. A kashe mukayyif na tsakiya don kar ya raba warin ga sauran ɗakuna inda iyali suke. Mata masu ciki, yara, masu asma, su bar gidan. Ba sigari, ba walda, ba saruk yana fitar da tartsatsi a kusa, ba ɗora shayi a kan gas a lungu.

Ka gwada takunkuminka, toshe gwangwanayen da tafin hannu ka ja numfashi, in ya manne a fuska yayi daidai, in iska tana shiga ta gefe gyara. Zan faɗi gaskiya anan duk da nasan da yawanmu muna da gemu, takunkumin roba baya kamawa a kan gashi. Wanda baya son taɓa gemunsa ya nemi irin hular nan mai batir da take hura iska ta rufe kai gaba ɗaya, ko kuma a zaɓi fentin da bashi da sinadarin narkarwa a ƙara iska sosai. In ka fara jin warin ta cikin takunkumi gwangwanin ya ƙare, canza, kuma bayan aiki a ƙulle su a leda don ko a ajiye suke suna cika. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ka fita nan take. Madarar da wasu ke sha wai tana wanke tinar daga ciki bata yin komai.

5. Haɗawa

Kafin ka fasa murfi komai ya zama a shirye, salatif an liƙa, rola an ɗaura, kowa yasan inda zai fara da ƙofar da za a fita ta ita. Shimfiɗa kwali ko leda a wajen haɗi. Juya A shi kaɗai tukuna don launin yana kwanciya a ƙasa. In zaka iya gama gwangwanin duka cikin lokaci to juye B gaba ɗaya a ciki, shine mafi aminci. In rabawa zakayi sai da sikeli, kuma duba takarda ko awon na nauyi ne ko na cika don ba ɗaya bane. Misali in tace 4 da 1 a nauyi, kilo 4 na A da kilo 1 na B, ba ƙari ba ragi. Kuskuren da nafi gani shine mutum ya ƙara munasshif wai don ya bushe da wuri, ba ya bushewa da wuri, lalacewa yake, ko yayi danƙo har abada ko yayi gautsi, sannan rarar da bata samu abokin haɗuwa ba ita ce take ci gaba da cin fatar duk wanda ya taɓa.

Diril a hankali, kamar juyi 300 zuwa 400 a minti, minti 3, sandar a nutse kar ta riƙa shigar da iska. Kankare gefen bokitin da gindinsa, juye cikin wani bokiti mai tsafta ka sake juyawa minti ɗaya. Kar ka kifa bokitin farko a ƙasa don ya tsiyaye, abin da yake manne a gefensa bai haɗu ba, shine zaka dawo ka tarar da tabo mai danƙo nan da can. In babu diril haɗa kaɗan-kaɗan, kilo ɗaya ko biyu, da faffaɗan katako, ka ƙara lokaci. Wasu nau'o'in ana barinsu su ɗan huta bayan haɗi kafin a shafa, takarda zata faɗa. Tinar kuma kar ka zuba sai in ita ta yarda, kuma irin wanda ta ambata.

6. Shafawa

Da ka gama juyawa fitar da shi daga bokitin, zuba shi layi-layi a ƙasa ko cikin faffaɗan tire. A tare wuri ɗaya zafinsa yana ƙara masa sauri, saurin yana ƙara zafi. Na taɓa ganin bokitin da aka bari a cike saboda an tsaya jiran wani ya kawo rola daga mota, kafin ya dawo ba a iya taɓa jikinsa, yana hayaƙi robar tana lanƙwashewa. In haka ta faru kar ka sunkuya a kai, hayaƙin guba ne, ja shi ta marikinsa zuwa fili nesa da tinar ka barshi ya huce.

Asas ne farko, siriri, a cusa shi cikin ƙasar. Mutum ɗaya yana yankan gefe, ɗaya yana rola, ana farawa daga ƙurya ana ja da baya zuwa ƙofa, kullum sabon shafi yana haɗuwa da ɗanyen gefe. Idan ka ji rolar ta fara ja tana yin zare lokacin ya wuce, kar ka tsinka shi da tinar, yar da shi. Shafi na biyu yana da ƙa'idar lokaci, yawanci washegari, in ka wuce iyakar da aka rubuta sai ka bi da sanfara, kuma ƙurar ifoksin da bai gama nuna ba tana tayar da borin jiki kamar ɗanyensa, a sa takunkumi da safa. Gangaren gareji da madafa da wurin wanki a watsa yashi mai tsafta a kan ɗanyen shafi, in ba haka ba ruwa na zuba ya zama santsi. Tsakar gida ko saman bene inda rana take duka ifoksi rawaya yake yi ya fara fari kamar alli, sai an rufe shi da foliyuritan, wani fenti mai jure rana.

7. Idan ya taɓa jiki

Nan ne nafi so ka saurare ni. Kar ka wanke hannu da tinar, ko sau ɗaya. Tinar narkar da fentin yake ya kwashe man fatar ya tura sinadarin ciki. Goge da busasshen tsumma, sannan sabulu da ruwa, tun yana ɗanye. Ni shekarun farko haka muke tsoma hannu a tinar duk yamma don ba wanda ya faɗa mana, ban ga komai ba tsawon lokaci, rana ɗaya yatsuna suka fara ƙaiƙayi da ƙuraje masu ruwa, fatar ta tsattsage har rufe hannu yana min wuya, fatar idona ta kumbura. Likita yace jikina ya riga ya ƙi sinadarin kuma haka zai zauna. Har yau ɗigo ɗaya ya isa ya tayar min da shi, safa biyu nake sawa. Akwai waɗanda dole suka bar sana'ar gaba ɗaya saboda wannan. In kaga ja ko ƙaiƙayi a wuyan hannu ko fuska je mustausaf, wato ƙaramin asibiti, da hoton gwangwanin, kar ka tsaya shafa basilin.

Safar da ta ɓaci cire ta ta hanyar juya cikinta waje ka sa sabuwa, kar ka ɗauki waya ko ka share gumi da ita. Wanke hannu kafin cin abinci da kafin shiga banɗaki. Wani abu kuma, ifoksin da ya daskare a farce ko fata yana hana ruwan alwala isa, kuma kankare shi wahala ne, wannan ma dalili ne na sa safa. Rigar da ya jiƙa a cire ta nan take, kuma kayan aiki kar a haɗa su wanki da na yara.

In ya shiga ido, musamman B, ruwa mai gudu aƙalla minti 15 ido a buɗe, ba murzawa, sannan asibiti ko da ka ji sauƙi. Motar asibiti ta Hilal Ahmar 997, Difa'ul Madani ('yan kwana-kwana da ceto) 998, a yankin Makka da Riyad da Sharƙiyya 911 ma yana aiki. Sa su a wayarka yau.

8. Kazzan

Aikin tankin ruwa ba na mutum ɗaya bane, kuma ba na sabon shiga bane. Fentin ya zama wanda aka rubuta ya dace da ruwan sha, mara sinadarin narkarwa. A hura iska da injin mai dogon tiyo har gindin tankin kafin a shiga da duk tsawon aikin, janareta yana can nesa da bakin ramin. Takunkumin gwangwani tacewa kawai yake, baya ƙirƙiro iskar shaƙa inda babu ita. Fitila ta zama irin wadda bata tayar da gobara, ba ƙwan lantarki a rataye da waya ba. Wanda yake ciki da ɗamara da igiya, wani a bakin ramin wanda bashi da wani aiki sai kallonsa da yi masa magana. In na ciki ya faɗi, na waje kar ya diro, zuciya zata ce ka shiga ka ɗauko ɗan'uwanka amma abin da ya kayar da shi zai kayar da kai, ja igiya ka kira 998. In mai aikin yaƙi kawo injin iska, bar masa aikinsa. Bayan an gama kar a kira wayit, wato tankar ruwa, ya cika sai fentin ya nuna sarai an kuma wanke tankin.

9. Bayan an gama

Rufe wurin ka sa alama. Yawanci ana takawa da ƙafa bayan awa 24, mota da kaya masu nauyi da wanki da ruwa sai ya cika kwana 7. A bar iska tana wucewa amma a tare ƙura da kyanwa. Burushi da sandar gauraya a wanke da tinar a waje kafin su daskare, rola kuwa yar da ita. Ragowar A da B kar a zuba a magudana, haɗa su kaɗan-kaɗan a faffaɗan kwali su zama dutse sannan a zubar. Tsummokin da suka sha tinar a sa su a gwangwanin ƙarfe mai murfi, a waje. Bokitan da suka rage kuma nasan halin mutanenmu, wani zai roƙa don ɗiban ruwa ko jiƙa wanki ko ajiye shinkafa, kar ka bayar, huda gindinsu kafin ka jefar.